Taƙaitaccen Tarihin John von Neumann, Uban Ilmin Dabarun Wasa

Gabatarwa

A wajen yawancin jama'a, wasa abu ne na yara, ko kuwa na manya idan sun gama hidimar yini sun zauna a gindin bishiya suna zuba dara. Saboda haka idan aka ce akwai jami'o'in da ɗalibi yake shafe shekaru yana rubuta kundin digiri na uku a kan wasa, har a kira shi Dakta saboda shi, wani zai zaci ba'a ake yi. Amma kuwa haka abin yake. Akwai wani reshe na lissafi da ake kira ilmin dabarun wasa, wanda yake nazarin yadda mai hankali zai zaɓi abin yi a lokacin da sakamakon zaɓinsa ya rataya a kan abin da wani mai hankalin zai zaɓa. Ɗan dara yana cikin wannan hali, haka ɗan kasuwa da abokin gasarsa, haka kuma sarkin yaƙi da abokin gabarsa.

Mutumin da ya aza harsashin wannan ilmi shi ne John von Neumann, wanda ake furta sunansa fon Noiman. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa tun daga haihuwa har zuwa rasuwa. Za ta kuma nuna yadda ƙa'idar da ya gano yana da shekara 22 ta warware matsalar abokan gaba biyu, da yadda ya rayu a zamanin da duniya ta rabu gida biyu, da kuma yadda wani ɗalibin digiri na uku ya nuna cewa akwai sauran magana bayan inda shi ya tsaya.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi von Neumann a birnin Budapest ta ƙasar Hangare ranar 28 ga Disamba, 1903, aka sa masa suna János. Mahaifinsa, Miksa Neumann, lauya ne kuma babban ma'aikacin banki, mahaifiyarsa kuwa sunanta Margit Kann. Gidansu gidan Yahudawa ne masu wadata, shi ne kuma babba a cikin 'ya'ya maza uku. A shekarar 1913 Sarkin Ostiriya da Hangare, Franz Joseph, ya ɗaga darajar mahaifinsa zuwa sahun masu sarauta, daga nan ne kalmar "von" ta shiga sunansa lokacin da ya koma ƙasashen da ake Jamusanci.

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tun yana ƙarami aka ga alamar baiwa tare da shi. Ana ba da labarin cewa yakan raba manyan lambobi da ka, yakan kuma haddace shafin littafi idan ya karanta shi. Ya koyi harsuna da yawa a gida, ciki har da Girkanci, ya kuma ƙwallafa rai a kan littattafan tarihi, abin da bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. A shekarar 1914 aka sa shi a makarantar sakandare ta 'yan Luther da ke Budapest. Malaminsa na lissafi, László Rátz, ya gane cewa yaron ya wuce abin da ake koyarwa a aji, sai ya nemi izinin mahaifinsa aka haɗa shi da malaman jami'a, irin su Gábor Szegő da Michael Fekete. Tare da Fekete ya rubuta maƙalarsa ta farko, aka buga ta a 1922.

Wani abu ya faru a ƙuruciyarsa wanda ya bar masa tabo. A shekarar 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, 'yan gurguzu a ƙarƙashin Béla Kun suka ƙwace mulkin Hangare na tsawon kwana 133. Iyalan Neumann suka tsere daga ƙasar sai da ƙura ta lafa. Gwamnatin da ta biyo baya kuma ta juya kan Yahudawa, har ta kafa dokar taƙaita yawansu a jami'o'i a 1920. Ke nan tun kafin ya cika shekara 17 ya ga zaluncin ɓangarori biyu da idonsa.

Neman Ilminsa da Kundin Digirinsa

Mahaifinsa bai ga yadda lissafi zai ciyar da mutum ba, shi kuwa ɗan ba ya son komai sai lissafi. Daga ƙarshe aka shirya a kan ya yi biyun. Ya karanta ilmin haɗa sinadarai a Jami'ar Barlin daga 1921 zuwa 1923, sa'an nan ya wuce babbar makarantar fasaha ta Zurik a Suwizalan, inda ya sami takardar injiniya. A duk wannan lokaci sunansa yana cikin rajistar Jami'ar Budapest a fannin lissafi, ba ya zuwa sai lokacin jarrabawa. A 1926 ya sami digirinsa na uku, yana da shekara 22.

Kundin nasa ya shafi tushen lissafi ne baki ɗaya. A ƙarshen ƙarni na 19 Georg Cantor ya ƙirƙiro ilmin tari, watau nazarin abubuwa idan an tara su wuri ɗaya an ɗauke su tamkar abu guda, masana kuma suka ga cewa ana iya gina dukan lissafi a kansa. Sai ga Bertrand Russell a 1901 ya gano wata ɓaraka. Ana bayyana ta da misalin wanzami: a wani gari akwai wanzamin da yake yi wa duk wanda ba ya aske kansa aski, ba ya kuma yi wa kowa sai su. To, wa yake yi wa wanzamin aski? In ya aske kansa ya saɓa wa sharaɗin, in bai aske ba ya zama dole ya aske. Irin wannan tufka da warwara ce take bayyana idan aka yi maganar tarin dukan tarin da ba su ƙunshi kansu ba. Von Neumann ya tsara jerin sharuɗɗa waɗanda suka bambanta tari na ainihi da wani babban rukuni wanda ya yi girman da ba za a sa shi cikin wani ba. Da wannan bambanci ya toshe ƙofar da ɓarakar take shigowa. Har yau ana koyar da wannan tsari, bayan gyaran da Paul Bernays da Kurt Gödel suka yi masa.

Daga nan ya tafi Gottingen ta Jamus, wadda ita ce cibiyar lissafi ta duniya a wancan lokaci, ya zauna wajen Shehun Malami David Hilbert. Burin Hilbert shi ne a kawo hujjar da za ta tabbatar cewa lissafi ba zai taɓa ƙaryata kansa ba, von Neumann kuwa yana cikin manyan masu taya shi. A watan Satumba na 1930, a wani taro a birnin Konigsberg, wani saurayi mai suna Kurt Gödel ya sanar cewa a kowane irin tsari na wannan fasali akwai maganganu na gaskiya da ba za a iya kawo hujjarsu daga cikin tsarin ba. Von Neumann ne ya fara gane nauyin maganar. Cikin 'yan makonni ya gano da kansa cewa wannan yana nufin burin Hilbert ba zai cika ba, ya rubuta wa Gödel, sai ya tarar Gödel ya riga shi. Bai yi jayayya ba. Ya sallama masa, daga nan kuma kusan ya daina aiki a fannin da ya yi digirinsa a kai.

Ƙa'idar Minimaks

Tun yana Gottingen yake tunani a kan wasanni. Ranar 7 ga Disamba, 1926, ya gabatar da wata hujja a gaban ƙungiyar masana lissafi ta garin, aka kuma buga ta a 1928 a mujallar Mathematische Annalen, a wata maƙala da ta yi magana a kan wasannin da ake yi a zaure. Wasu sun riga shi taɓa batun. Ernst Zermelo ya yi rubutu a 1913 a kan ces, watau darar Turawa. Émile Borel na Faransa kuma ya fitar da gajerun maƙalu daga 1921 zuwa 1927, amma ya yi shakkar ko akwai ƙa'ida ɗaya da za ta game dukan irin waɗannan wasanni. Wannan ƙa'ida ce von Neumann ya tabbatar.

Wasan da ya nazarta shi ne na mutum biyu wanda cin ɗaya shi ne asarar ɗaya, ba ragi ba ƙari. Shawarar da lissafinsa ya bayar ita ce, kowane ɗan wasa ya ɗauka abokin karawarsa gwani ne, ya duba mafi munin abin da zai iya samunsa a kowace dabara, sa'an nan ya zaɓi dabarar da muninta ya fi sauƙi. Wannan shi ake kira minimaks. Alal misali, idan aka ba yara biyu ƙosai ɗaya aka ce ɗaya ya raba ɗaya ya zaɓa, mai rabawa ya san ɗan'uwansa zai ɗauki babban kashi, saboda haka zai raba daidai wa daida domin ƙaramin kashin ya yi girma iyakar yadda zai yiwu. Ba sai an yi masa wa'azin adalci ba, son kansa ne zai kai shi ga haka.

A wasanni irin su dara da ces, inda kome yake a fili, lissafi ya nuna akwai hanyar da ta fi kowace, ko da yake yawan hanyoyin yakan hana a gano ta. Wahalar tana wajen wasannin da ake ɓoye niyya. A ɗauki wasan da yaro yake ɓoye tsakuwa a ɗaya daga hannuwansa, ɗan'uwansa ya canka. Idan mai ɓoyewa ya saba sa ta a dama, za a gane shi. Idan ya ce bari ya sa a hagu domin an san ya saba da dama, mai cankar ma zai iya yin wannan tunani, haka za a yi ta zagaye ba iyaka. Mafita ita ce mai ɓoyewa ya bar zaɓin ga ƙuri'a. In yana sa ta a dama sau 7 cikin 10, mai canka zai riƙa cewa dama kullum ya ci sau 7. In kuwa ya jefa kwabo sama ya bi abin da ya fito, to kome wayon mai canka ba zai wuce cin rabi ba idan aka daɗe ana yi. Wannan ita ce gaurayayyar dabara. Abin da von Neumann ya tabbatar shi ne, a kowane wasa na mutum biyu mai wannan siffa, muddin dabarun suna da iyaka kuma an yarda a gauraya su, akwai wani adadi guda da ɗaya zai iya lamunce wa kansa, ɗayan kuma zai iya hana shi wucewa. Wannan adadi shi ne ƙimar wasan.

Wasan karta na foka ya fi jan hankalinsa a kan ces, domin a cikinsa akwai ruɗi da barazana, kamar yadda suke a cikin sha'anin mutane. Da ya sauƙaƙa wasan ya yi masa lissafi, sai ya gano cewa ɗan wasa ya kamata ya zuba kuɗi da yawa idan katinsa ya yi kyau ƙwarai, haka kuma idan ya yi muni ƙwarai, amma ya yi tattali idan katin tsaka-tsaki ne. Ashe barazanar da gwanaye suke yi da hannu wofi tana da hujja a lissafi: wanda ba ya ruɗi ko kaɗan, duk ranar da ya zuba kuɗi kowa zai san abin da ke hannunsa.

Ƙaurarsa zuwa Amurka da Haɗuwarsa da Morgenstern

Bayan ya koyar a jami'o'in Barlin da Hambug, aka gayyace shi Jami'ar Princeton ta Amurka a 1930. A wannan shekara ya auri Mariette Kövesi, suka haifi 'ya ɗaya, Marina, a 1935, wadda ta zama masaniyar tattalin arziki. Auren ya mutu a 1937, ya auri Klára Dán a 1938. A 1932 ya fitar da littafinsa a kan tushen lissafin kimiyyar ƙwayar zarra. A 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki aka fara korar Yahudawa daga jami'o'in Jamus, aka naɗa shi Shehun Malami a sabuwar Cibiyar Zurfafa Bincike ta Princeton, tare da Albert Einstein. Shi ne mafi ƙarancin shekaru a cikinsu. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1937. Waɗanda suka zauna da shi sun san shi da son taron baƙi da barkwanci da sa kwat ko da yaushe, da kuma tuƙin mota na ganganci.

Ya yi kusan shekara 10 bai koma kan wasanni sosai ba, sai da ya haɗu da Oskar Morgenstern. Shi wannan masanin tattalin arziki ne daga Biyana, wanda yake ziyara a Amurka a 1938 lokacin da Jamus ta haɗiye Ostiriya, sai ya yi zamansa a Princeton. Morgenstern ya daɗe yana ƙorafin cewa masana tattalin arziki suna lissafi kamar mutum shi kaɗai yake a kasuwa, alhali kowane ɗan kasuwa yana kallon abin da maƙwabcinsa zai yi. Suka fara da niyyar rubuta maƙala, abu ya yi ta girma har ya zama littafi mai shafi fiye da 600, mai suna Theory of Games and Economic Behavior, watau ilmin wasanni da halayyar mutane a sha'anin tattalin arziki. An buga shi a 1944. A wannan shekara ce kuma aka kwashe Yahudawan Hangare fiye da 400,000 zuwa sansanonin kisa na 'yan Nazi.

Littafin ya faɗaɗa ƙa'idar 1928, ya kuma kawo hanyar auna yadda mutum yake fifita wani abu a kan wani idan akwai kasada, wadda aka cika hujjarta a bugu na biyu a 1947. Game da wasan da ya wuce mutum biyu, marubutan sun ɗauka cewa 'yan wasa za su ƙulla ƙawance, su rabu ƙungiya biyu, sa'an nan a koma lissafin abokan gaba biyu. A nan ne raunin littafin yake, domin a rayuwa sau da yawa mutane ba su da halin ƙulla alkawarin da zai ɗaure su, kuma cin wani ba lalle ne ya zama asarar wani ba.

Yaƙi, Bam da Kwamfuta

Tun 1937 von Neumann yake ba sojan Amurka shawara a kan lissafin harsasai da fashewar nakiya. A 1943 aka kira shi Los Alamos, inda ake ƙera bam na atom a asirce. Babban aikinsa a can shi ne lissafin yadda za a jera nakiyoyi kewaye da dunƙulen fulutoniyam, su tashi lokaci ɗaya su matse shi ta kowace fuska. Ya kuma yi lissafin nisan da ya kamata bam ya fashe a sama domin ɓarnarsa ta fi yawa. Yana cikin kwamitin da ya zauna a watan Mayu na 1945 domin zaɓen biranen Jafan da za a jefa wa bam. An gwada bam ɗin ranar 16 ga Yuli, aka jefa wani iri a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, aka jefa irin wanda ya yi wa lissafi a Nagasaki ranar 9 ga Agusta. Dubun dubatar mutane suka hallaka a kowane birni, akasarinsu farar hula.

Yawan lissafin da aikin bam yake bukata shi ya kai shi ga na'urar lissafi. A 1944 ya sami labarin wata na'ura mai suna ENIAC da ake haɗawa a Jami'ar Pennsylvania, ya shiga cikin masu aikin. A watan Yuni na 1945 aka rarraba wani rahoto da ya rubuta, wanda ya bayyana fasalin kwamfutar da take ajiye umurni da bayanai a ma'ajiya ɗaya. A kan wannan fasali aka gina yawancin kwamfutocin da suka biyo baya, ana kuma kiransa da sunansa. Sai dai injiniyoyin ENIAC, Presper Eckert da John Mauchly, sun yi fushi ƙwarai, domin suna da hannu a tunanin amma sunansa kaɗai ya fito a rahoton. Daga baya ya gina tasa kwamfutar a Princeton, ya kuma jagoranci gwajin farko na hasashen yanayi da kwamfuta a 1950.

Ɗaliban Princeton da Kundin John Nash

Bayan yaƙi, sashen lissafi na Jami'ar Princeton ya zama matattarar ɗaliban digiri na uku masu bincike a kan wasanni. Shehun Malami Albert Tucker ne yake duba yawancinsu. Shi von Neumann ɗalibansa kaɗan ne, amma a cikinsu akwai Donald Gillies, wanda kundinsa na 1953 ya yi nazarin irin rabon da babu wata ƙungiya da za ta ga ribar ɓallewa daga gare shi. A wannan shekara Lloyd Shapley ma ya kammala nasa, shi ne kuma ya fito da hanyar auna rabon da ya dace da kowane ɗan ƙawance gwargwadon abin da ya ƙara wa tafiyar.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne John Nash, wanda ya zo Princeton a 1948 yana da shekara 20. Nash ya ajiye maganar ƙawance gefe guda, ya tambayi abin da zai faru idan kowa yana yi wa kansa ne kawai, kome yawan 'yan wasan, kuma ko da cin wani ba asarar wani ba ne. Ya nuna cewa kullum akwai wata matsaya inda babu wanda zai ƙaru idan ya sauya dabararsa shi kaɗai. Marubuciyar tarihin Nash, Sylvia Nasar, ta ruwaito cewa a 1949 ya je ofishin von Neumann ya fara bayani, sai malamin ya katse shi ya nuna masa cewa abin ba wani sabo ba ne, ƙa'idar ɗigon da ba ya gusawa ce kawai. Misalin wannan ƙa'ida shi ne, idan aka shimfiɗa taswirar gari a ƙasa a cikin garin, dole a sami ɗigo ɗaya a taswirar da yake daidai kan wurin da yake nunawa. Ta fuskar lissafi von Neumann bai yi kuskure ba, domin da irin wannan ƙa'ida Nash ya kafa hujjarsa, kuma Shizuo Kakutani ya fitar da ita ne a 1941 daga wani aikin von Neumann na 1937. Abin da ya kuɓuce masa shi ne faɗin amfanin tambayar. Nash ya miƙa kundinsa a 1950, shafi 28 kacal, Tucker ne ya duba shi.

A wannan shekara ta 1950 wasu masana biyu na cibiyar bincike ta RAND, Merrill Flood da Melvin Dresher, suka fito da wani wasa wanda Tucker ya sa wa labarin fursunoni biyu. An kama mutum biyu an raba su ɗaki. In duka suka yi shiru, kowa shekara 1. In ɗaya ya tona ɗaya ya yi shiru, mai tonawa a sake shi, mai shiru shekara 10. In duka suka tona, kowa shekara 5. Kowannensu idan ya yi lissafi zai ga tonawa ta fi masa, kome ɗan'uwansa ya yi, saboda haka duka za su tona su sha shekara 5, alhali da sun yi shiru da shekara 1 ce. Wannan wasa ya nuna cewa masu hankali biyu suna iya bin hankalinsu su faɗa rami tare. Masana da yawa sun ga cewa tseren tara makamai tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ya fi kama da wannan wasa a kan wasan da cin wani yake asarar wani.

Shekarunsa na Ƙarshe

Tarayyar Sobiyet ta gwada nata bam a watan Agusta na 1949. Von Neumann, wanda bai manta da 1919 ba, ya kuma ga yadda lallashin Hitler ya ƙare, ya ɗauki Sobiyet a matsayin abokin gabar da dole a zaci mafi muni daga gare shi. Ya goyi bayan ƙera bam na haidurojin, wanda aka gwada a 1952. An kuma ruwaito cewa a wajejen 1950 yana cikin masu ganin gara Amurka ta riga kai hari kafin Sobiyet ta yi ƙarfi. Da an bi wannan shawara, da miliyoyin rayuka sun salwanta saboda yaƙin da daga ƙarshe bai auku ba. Ya shugabanci kwamitin da ya ba da shawara a 1954 a gaggauta ƙera makamai masu linzami masu ƙetare nahiyoyi. Duk da haka, a wannan shekara da aka tuhumi Robert Oppenheimer, wanda suka saɓa da shi a kan bam na haidurojin, von Neumann ya je ya ba da shaidar cewa mutum ne mai amana. A 1955 Shugaba Eisenhower ya sa shi cikin Hukumar Makamashin Atom.

A watan Yuni na 1955 ya rubuta wata maƙala a mujallar Fortune, inda ya tambaya ko ɗan'adam zai tsira daga fasahar da ya ƙirƙira. Ya nuna cewa makamai sun yi ƙarfin da duniya ta yi musu kaɗan, ya yi maganar yadda hayaƙin masana'antu yake ɗumama duniya, ya kuma ƙare da cewa babu wani magani da aka tanada, sai haƙuri da sassauci da basira. Mutumin da ya sami tabbatacciyar amsa ga wasan mutum biyu, ga shi ya yarda cewa babban wasan ba shi da irin wannan amsa.

Bayan wata biyu likitoci suka gano yana da ciwon daji. Ya ci gaba da aiki a kan keken marasa lafiya, a kai ne ma ya karɓi lambar girma daga hannun Eisenhower a farkon 1956. A watan Afrilu aka kwantar da shi a asibitin soja na Walter Reed a Washington, aka sa masu gadi domin kada zafin ciwo ya sa ya furta asirin ƙasa. Waɗanda suka ziyarce shi sun ce abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ganin kaifin ƙwaƙwalwarsa yana dushewa. Ya nemi a kira masa limamin Katolika, ɗarikar da ya shiga tun wajejen aurensa na fari. Ya rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1957, yana da shekara 53, aka binne shi a Princeton. Laccocin da yake shiryawa a kan kwamfuta da ƙwaƙwalwa bai gama su ba, an buga su haka nan a 1958.

Kammalawa

Ilmin da von Neumann ya kafa ya bazu fiye da inda ya bar shi. A 1973 John Maynard Smith da George Price suka yi amfani da shi wajen bayyana dalilin da ya sa dabbobi 'yan jinsi ɗaya ba su cika yin faɗan kisa ba. A 1994, shekara 50 cif bayan fitowar littafinsa da Morgenstern, aka ba da kyautar Nobel ta tattalin arziki ga Nash da Reinhard Selten da John Harsanyi, wanda shi ma a makarantar 'yan Luther ta Budapest ya yi karatu. Shapley ya sami tasa a 2012. Yawancin wannan ci gaba ya bi ta hanyar da kundin Nash ya buɗe ne, amma kalmomin da Nash ya yi aiki da su, irin su dabara da gaurayayyar dabara da sakamako, a littafin 1944 ya same su.

Akwai abin lura a nan ga mai neman ilmi. Von Neumann ya yi aiki a kan wani buri da Gödel ya rushe shekara huɗu bayan ya gama digirinsa, bai tsaya kare shi ba, ya karɓi gaskiya ya yi gaba. Shi kuma da wani ɗalibi ya zo masa da abin da ya wuce nasa, bai gane darajarsa ba, ɗalibin kuwa bai fasa rubuta kundinsa ba. Ƙa'idarsa ta 1928 tana nan daram, babu wanda ya girgiza ta, sai dai sharaɗinta shi ne cin ɗaya ya zama asarar ɗaya. Aikin da ya rage wa duk mai amfani da ita, a kasuwa ko a siyasa ko a fagen yaƙi, shi ne ya fara tabbatar da irin wasan da yake ciki kafin ya zaɓi dabara.